Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Jigawa kan ciwon firgici a karkara

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya dafa maka a kan wannan nauyi da aka ɗora maka.

Ni tsohon malamin asibiti ne, na yi aikina a ƙananan asibitocin ƙasar Haɗeja har lokacin ajiye aiki ya zo. Na rubuto maka a fili ne don ina so abokan aikina da ke ɗakunan shan magani, da masu kemis, da malamanmu masu tofi da ruƙiyya, su ji maganar tare da kai. Magana ce a kan wani ciwo da ke zuwa mana kullum amma da wuya a rubuta shi da sunansa.

Ga yadda yake. Mutum na zaune lafiyarsa ƙalau, ko yana tsakiyar salla, ko ma yana barci, sai gabansa ya yanke ya faɗi. Zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, zufa ta karyo, jiki ya ɗauki karkarwa, jiri ya kwashe shi, yatsu da leɓe su sage. Ya tabbata a ransa cewa mutuwa ce ta zo, ko kuma haukacewa zai yi. Cikin mintoci kaɗan abin ya kai maƙura, sannan ya fara lafawa. Kafin a samo babur a kawo shi asibiti abin ya lafa, a auna jini a auna zafin jiki a ce ba a ga komai ba. Kundin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, wanda ake kira DSM-5, ya lissafa alamu 13 na wannan tashin firgici, ya ce idan huɗu ko fiye suka haɗu a lokaci guda to shi ne. Mutane da yawa kan gamu da shi sau ɗaya ko biyu a rayuwa, ya wuce. Ya zama ciwo ne idan yana dawowa ba zato ba tsammani, har mutum ya shafe wata guda ko fiye cikin zullumin dawowarsa, ko ya sauya rayuwarsa don gudunsa: ya daina cin kasuwa, ya daina shiga mota, ya koma sahun ƙarshe kusa da ƙofa a masallacin Juma'a. Mata sun ninka maza wajen kamuwa da shi.

Abin da ke faruwa a jiki ba ɓoyayye ba ne. Allah ya halicce mu da shirin ko-ta-kwana wanda ke tashi idan haɗari ya taso, ya zuba sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru. A wannan ciwo shirin ne ke tashi alhali babu haɗarin. Saurin numfashin yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, shi ke kawo jirin da sagewar yatsu. Mutum ya ji yatsunsa sun sage sai ya ce shanyewar jiki ce, tsoro ya ƙaru, numfashi ya ƙara sauri. Haka abin ke ciyar da kansa har ya gaji ya sauka.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Idan jami'anka suka buɗe littattafai don su ga ko wannan ciwo ya cancanci a kashe masa kuɗi, alƙaluman da za su tarar za su ce musu a'a. A Amurka da ƙasashen Turai ana samun mutum 2 zuwa 3 cikin 100 da ciwon a shekara. A ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka kuwa adadin da aka samu bai kai ko 1 cikin 100 ba. A cikin Amurkar ma, manyan binciken da aka yi gida-gida sun nuna fararen fata sun fi baƙaƙe da 'yan asalin Asiya da na Latin Amurka yawan kamuwa, in ban da jajayen Indiyawa, ainihin 'yan ƙasar, waɗanda nasu adadin ya zarce na kowa. Mai karatu cikin gaggawa zai rufe littafin ya ce ciwon Turawa ne, mu nan yunwa da zazzaɓi sun ishe mu.

Ranka ya daɗe, kada a yi wannan gaggawar. Shi kansa kundin DSM-5 da ya kawo alƙaluman ya ƙara da wata magana da ta fi su muhimmanci a wurina. Ya ce baƙaƙen Amurka da aka samu da ciwon, ya fi naƙasa musu rayuwa a kan yadda yake naƙasa fararen, kuma hakan na nuna cewa mai yiwuwa baƙin mutum ba ya faɗawa cikin ma'aunin sai ciwonsa ya yi tsanani. Wato ma'aunin yana kama manya ne, ƙanana suna zurarewa. In haka ne, ƙarancin adadin bai tabbatar da ƙarancin ciwon ba. Ba na musun cewa za a iya samun bambanci na gaske tsakanin al'ummomi, domin zaman dangi da riƙon addini suna rage wa mutum wani nauyin. Amma wani kaso na bambancin daga bakin mai tambaya yake fitowa da kunnen mai amsa.

Dalili kuwa shi ne kowace al'umma da inda take jin ciwon, da kuma abin da take tsoro a cikinsa. An lura baƙaƙen Amurka sun fi kokawa da sagewar gaɓoɓi, wasu al'ummomin Asiya kuma sun fi kokawa da jiri. Wani likitan Jami'ar Harvard, Devon Hinton, ya daɗe yana duba 'yan gudun hijirar Kambodiya da suka tsira daga kisan gillar mulkin Pol Pot na 1975 zuwa 1979. Su a wurinsu akwai wata iska da ke tafiya a jijiyoyi tare da jini; idan mutum ya miƙe tsaye ya ji jiri, ko wuyansa ya riƙe, sai ya ɗauka iskar ce ta taso sama za ta fasa masa jijiyar wuya. Wannan tsoron kaɗai ya isa ya tayar masa da firgici cikakke. Maganinsu na gida shi ne a kankare fata da kwabo don iskar ta fita, kamar dai yadda namu ke zuwa wurin wanzami ya yi masa ƙaho ya cire mataccen jini. Mutanen Fwato Riko da maƙwabtansu kuma nasu yakan zo ne bayan mummunan labari ko rikicin iyali, da ihu da kuka da zafi mai tasowa daga ƙirji zuwa ka, wani har ya zube ƙasa. Likitan da ya tambayi ɗan Kambodiya ko tsoro yakan kama shi haka kawai babu dalili, amsar da zai samu ita ce a'a, domin shi a ganinsa da dalili: iska ce.

Ba sai mun tsallaka teku ba. A nan gida, Farfesa Roger Makanjuola ya bayyana a 1987 abin da Yarabawa ke kira ode ori, inda mutum ke jin wani abu yana yawo a cikin kansa, da ƙara a kunne, da bugun zuciya. Farfesa Peter Ebigbo a Inugu sai da ya tsara nasa jerin tambayoyin, domin marasa lafiyarsa zafin ka da tafiyar ƙwaro a jiki suke kawo masa, abubuwan da ba sa cikin takardun da aka shigo da su daga waje. Babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya jagoranta, wanda aka buga kashinsa na farko a 2006, ya tambayi mutum 4,984 a yankin masu jin Yarabanci, ya samu kashi 12 cikin 100 sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, masu ciwon firgici kuma ba su kai kashi 1 ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai a binciken shi ne, cikin waɗanda larurarsu ta yi tsanani, kusan 8 cikin 100 ne kawai suka samu wani magani a shekarar. Wannan a Kudu maso Yamma ke nan, inda asibitin ƙwaƙwalwa na Aro a Abekuta yake tun zamanin Turawa. Sai a ƙiyasta halin Guri da Birniwa.

To, mu me mutanenmu ke cewa? Ban taɓa jin wanda ya zauna a kan benci ya ce mini yana fama da firgici ba. Cewa suke yi: gabana ke faɗuwa, zuciyata ce ke tsinkewa, wani abu ke tokare mini ƙirji, wani abu ke tasowa daga cikina ya shaƙe mini wuya, kaina ke ɗaukar zafi, ji nake kamar raina zai fita. Wasu kuma da dannau suke farawa, su ce an danne su cikin dare sun kasa motsi sun kasa kiran sunan Allah, tun daga ranar gabansu bai daina faɗuwa ba. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna dannau ya fi yawa a tsakanin baƙaƙe masu ciwon firgici a kan fararen da ke da shi, amma ba ya cikin alamu 13 ɗin nan, don haka ma'aikacin da ya haddace jerin kawai ba zai tambaya ba. Mai tokarewar ƙirji sai a ce olsa ce. Mai zafin ka a ce taifod. Mai jiri a ɗaura masa ƙarin ruwa, ya tashi ya ji sauƙi, domin dama abin mai wucewa ne da kansa, sai ruwan ya samu yabo. Bayan mako biyu ya dawo, a sake sayar da akuya.

Kuma jiharmu ba ƙabila ɗaya ba ce. Akwai Hausawa, akwai Fulani na gida da na daji, akwai Mangawa da Badawa da Ngizimawa a gabas. Bafulatanin da aka rena a kan fulako, aka koya masa tun yana ƙarami cewa nuna raki abin kunya ne, ba zai buɗe baki a gaban baƙo ya ce tsoro ya kama shi ba, ko da kuwa ya kwana yana karkarwa. Zai ce jikinsa ne ba ƙwari, ya nemi allura. Magidancin Bahaushe ma haka, ina shi ina cewa yana jin tsoro a gaban matarsa da ta rako shi? Tsohuwar da Manganci ne harshenta kuwa, da ɗan jikanta ake yi mata tafinta, kuma akwai abin da kaka ba ta faɗa ta bakin jika. Wannan abin da na gani ne a bakin aiki, ba hukunci nake yanke wa wata ƙabila ba. A kowace akwai mai faɗa akwai mai ɓoyewa. Amma tambaya iri ɗaya da harshe ɗaya ba za ta buɗe bakin dukkansu ba.

Maganar mata ita ce ta fi damuna. Babbar alamar da littattafai ke cewa a duba, don a gane ciwon ya ci ƙarfin mutum, ita ce ƙauracewa fita: kasuwa, mota, taron jama'a. To matar da ke cikin kulle fa? Dama ba ta zuwa kasuwa. Idan ta daina fita ɗungurum, yabonta ma za a yi, a ce mai kamun kai ce. Ciwonta a wasu wurare yake bayyana. Ta daina zuwa suna da biki ko da na ɗakinsu ne. Ba ta yarda ta kwana ita kaɗai ranar da ba girkinta ba, sai ta jawo yara ta cika ɗaki. Ba ta rufe ƙofar banɗaki. Ta bar zuwa awo saboda cunkoson layi. Kishiya ta ce neman gindin zama ne, uwar miji ta ce sammu ne, miji ya rasa na kamawa. Na ga auren da ya mutu a kan wannan, ita kuwa ba ta da laifin komai sai ciwon da yake da magani.

Kuma abubuwan da ke share wa firgici hanya ba su yi mana ƙaranci ba. Ambaliyar 2022 ta ci gidaje da gonaki a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan, kuma akwai mutanen bakin kogin Haɗeja da har yau hadari in ya haɗo ba su da sauran natsuwa. Gobarar tankar mai ta Majiya a ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoban 2024, ta kashe fiye da mutum 150. An yi jinyar waɗanda suka ƙone, Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka. Waɗanda suka tsaya suka gani da idonsu, suka ɗauki gawarwakin 'yan'uwansu, su ma suna buƙatar mai tambayarsu yadda suke kwana.

Sai dai ina gargaɗin abokan aikina da babbar murya, kada mu fita daga wani kuskure mu faɗa wanda ya fi shi. Ba kowace faɗuwar gaba ce firgici ba. Ƙarancin jini yana sa bugun zuciya da haki, kuma ya yi yawa a matanmu masu ciki. Ciwon maƙoƙo mai sa sinadarin wuya ya yi yawa yana kawo karkarwa da zufa da rama. Asma tana sarƙe numfashi, maganinta na shaƙa ma yana sa zuciya gudu. Goro da shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari da samari ke sha suna tayar da shi, haka ma tiramol da sauran ƙwayoyi, musamman lokacin da mai sha ya rasa su. Mafi haɗari shi ne ciwon zuciyar masu jego, wanda ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suna danganta shi da wankan jego da kunun kanwa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki in ta kwanta, take tari cikin dare, kuma abin ba ya sakinta, wannan ba ta buƙatar lallashi, babban asibiti take buƙata a ranar. Firgici yakan zo ya tafi, tsakanin zuwa da zuwa mutum garau yake. Rarrabe waɗannan shi ne ainihin abin da ya kamata a koyar.

Ga abin da nake roƙo. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya duka ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, saboda haka jiran su zo ƙauye ɓata lokaci ne. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure yana can ƙuryar yamma, mutumin Kiri Kasamma sai ya ratsa jihar kafin ya isa, kuma sunan Kazaure ko takwaransa na Dawanau a Kano kaɗai ya isa ya sa iyali su ce ɗansu ba mahaukaci ba ne, su juya. Wannan ciwo a asibitin mazaɓa ya kamata a gama da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP tun 2008 don a koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba kula da larurorin ƙwaƙwalwa, kuma a sabuntawar 2023 ta ƙara babi a kan ciwukan fargaba, har da wannan. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ita ma ta ba da madogara. A shigar da wannan horo a kwalejin Jahun da makarantar jinya ta Birnin Kudu, a kuma bi waɗanda ke bakin aiki da shi. Amma don Allah kada a tsaya a fassara takardar Hukumar Lafiya ta Duniya kalma da kalma. A tara tsofaffin ungozomomi da malaman asibiti daga masarautun nan biyar, su faɗi yadda mutanensu ke kawo kuka da Hausa da Fulatanci da Manganci da Badanci, a gina tambayoyin a kai. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Bayero suna da masu iya wannan aiki, su kuma ƙirga mana namu adadin gida-gida, da mata masu tambayar mata.

Maganin ba mai tsada ba ne. Rabinsa bayani ne: a zaunar da mutum a gaya masa an duba zuciyarsa lafiya take, a nuna masa yadda saurin numfashi ke kawo jirin, a koya masa sassauta numfashi, sannan a riƙa mayar da shi wuraren da ya ƙaurace wa sannu a hankali har tsoron ya sake shi. Wanda nasa ya yi nauyi akwai ƙwayoyi irin su fuluzetin, sai dai sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki, kuma dole a faɗa wa mara lafiya haka tun farko, in ba haka ba zai watsar a kwana na biyar ya ce ba sa yi. A tabbata suna cikin magungunan da ake kai wa ƙananan asibitoci. Abin da nake roƙon a sa wa ido shi ne baliyam da danginsa da ake miƙawa a kan kanta ba tare da takardar likita ba. Yana kwantar da firgicin nan take, shi ya sa ake son sa, amma jiki yana sabawa da shi, ranar da babu kuma firgicin ya dawo ya fi na da.

Game da malamanmu, ba na cikin masu cewa a raba mara lafiya da addu'a. Kafin mutum ya zo wurinmu ya riga ya sha rubutu, an yi masa tofi, wani an yi masa hayaƙi, kuma zai ci gaba bayan ya bar mu. Hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abin da ke cutarwa shi ne a gaya wa mai firgici cewa aljani ya aure ta, ko maƙiya sun sa shi a gaba, domin an ƙara masa abin tsoro ke nan a kan ciwon da tsoro ne abincinsa. Balle a kai ga duka ko ɗauri. Ma'aikatarka ta zauna da limamai da masu ruƙiyya ta hannun hakimai da dagatai, kamar yadda aka yi a lokacin rigakafin shan inna har aka ci nasara, a nuna musu alamun da in sun gani za su ce wa mutum ya haɗa da asibiti. A kuma nemi fili a Rediyo Jigawa, ko na rabin awa ne a mako, wani ma'aikacin lafiya ya riƙa bayani da irin kalmomin da na ambata a sama, a maimaita da Fulatanci, a sa shi bayan sallar isha lokacin da mata suka gama aiki.

In ma'aikata ta ga dacewar a gwada, a fara da ƙananan hukumomi biyu ko uku masu harsuna daban-daban, misali Taura da Birniwa da Gwaram, a ƙara layi ɗaya a rajistar marasa lafiya, a ga abin da shekara guda za ta nuna. Mu da muka ajiye aiki muna nan da sauran ƙarfinmu, in an kira mu zaman tsara tambayoyin za mu zo.

Allah ya ƙara wa Kwamishina lafiya.

Wassalam,
Tsohon malamin asibiti,
daga ƙasar Haɗeja.